Yadda Ake Zaɓa wa Tsohuwar Jif Jak

Jak shi ne ƙarfen da ake ɗaga mota da shi a sauya taya. A tsohuwar jif irin Land Cruiser ko Land Rover, ba a tunawa da shi sai an yi wa gari nisa, rana ta take, waya kuma babu sabis. Zaɓensa yana da ƙa'idoji.

Ta farko nauyi. Land Cruiser samfurin 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, ta haura tan 2 tun kafin a loda mata buhunan masara da surukai. Jak mai almakashi na ƙananan motoci yawanci tan 1 ne zuwa 1.5, kuma idan aka cusa shi ƙarƙashin jif durƙusawa yake yi cikin ladabi. Wanda ya dace shi ne mai kwalba, mai aiki da mai, daga tan 4 zuwa sama.

Ta biyu tsawo, kuma a nan ake jin jiki. Idan taya ta sace, aksul yakan sauko kusa da ƙasa, don haka sai gajeren jak ne zai shiga. Safaya kuwa cike take da iska, in an yi sa'a, sai jak ya miƙe sosai kafin ta zauna. Mai tan 10 da aka saya don burga ba ya shiga; gajeren yana shiga, amma miƙewarsa takan ƙare saura yatsa biyu. Wanda ya kafa shi a jikin shasi maimakon aksul zai ga mota tana tashi, sifirin yana miƙewa, taya tana zaune a ƙasa abinta. Dogon jak na Hi-Lift, ƙirar Amurka mai inci 48 ko 60, ya fi amfani wajen fid da mota daga laka da ƙawata hoto. Yana buƙatar bamba ta ƙarfe, hannunsa kuma idan ya kuɓuce haɓa yake nema.

Ta uku ya kamata a ce inganci ce, sai dai inganci ba ya amfanar jak ɗin da ba ya cikin mota. Jak mai kyau ba ya shekara a hannun mai shi. Maƙwabci kan zo da asuba ya ce minti biyar, bakanike ya ce yaronsa ne ya ɗauka, yaron ya ce an tafi da shi Zariya. Idan jak ɗin ya dawo, ba hannu, man ya tsiyaye, sai a ga magidanci da furfura yana famfo da sukundireba a bakin titi, fasinja bakwai suna ba shi shawara daga inuwa. Haba jama'a! Mutum ya sayi mota ta miliyoyi ya kasa sayen jak?

Sauran ƙa'idojin a taƙaice: katako mai kauri, domin a rairayi jak nutsewa yake yi mota tana nan inda take. Sai weji, musamman ga tsohuwar Land Rover, wadda hambirkinta ba ya kama tayoyi, sandar da ke juya su yake riƙewa, don haka ɗaga ƙafar baya ɗaya na iya sa ta gangara. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kowane iri ne. A gwada shi a gida bayan an sace iskar taya, sannan kada maƙwabta su san an saya.