Yadda jaki ya shiga waƙarmu

A kolejinmu na Karakara babu darasin kiɗa a jadawali, sai da aka turo mana wani mushe, wato malami, ɗan Yamai mai kwamfuta da manhajar Audacity. Ya ce ya taɓa leƙa cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya, shi ke nan, duk abin da ya faɗa ba musu. Mu kuwa burinmu ɗaya ne: mu zama mawaƙa irin su Kaidan Gaskiya a Dallol Mawri kafin jarrabawar BEPC.

Sharaɗin farko na ɗaukar waƙa, ɗaki marar amsa-kuwwa. Muka share ɗakin ajiya, muka manne bangon da kwalin ƙwai da wani ɗan kabu-kabu ya kwaso mana daga Gaya, taga kuma muka toshe da katifar innar abokina, ba da saninta ba. Watan Afrilu ne fa! Mushe ya hana ko fifita, wai makirufo na jin iska. Don kada hucin "f" da "b" ya daki makirufo, sai ya tuɓe safarsa ya ɗaura a zoben waya, ya ce kowa ya tsaya taƙi ɗaya daga gare ta. Mawaƙinmu ya ja dogon numfashi, ya ce, "Mushe, a yi haƙuri, ko za a ƙara taƙi biyu?"

Sai makaɗin kalangu. Da ya taɓa fata, layin sauti ya tashi daga kore ya faɗa ja, wato sauti ya fashe. Aka yi ta matsar da shi baya har ya koma kiɗa a bakin ƙofa yana gunaguni.

Can dai Allah ya taimaka, komai ya zauna. Muna shiga amshi, jakin wani mai rake da aka ɗaure a bayan bango ya buɗe maƙogwaro, kuma wallahi bai saɓa wa kiɗan ba. Ashe kwalin ƙwai ɗan rage amsa-kuwwa kawai yake yi, tare ƙarar waje aikin katanga mai kauri ne. Makirufo ɗaya gare mu, don haka mu da jakin muna layi guda kamar gero da tsakuwa. Mushe ya danna wurin rage hayaniya, wanda aka yi don ƙara mai ɗorewa irin gunjin janareta. Muryoyinmu suka shaƙe, jaki ya fito tangaram. Kafin a sake ɗauka batir ya mutu, ga Inna a ƙofa da muciya tana tambayar katifarta.

Waƙar ta bi Bluetooth daga waya zuwa waya har kasuwar Kamba a jihar Kebbi. Ba wanda ya riƙe sunan da muka raɗa mata, "waƙar jaki" ake ce mata. Mai jakin kuma har yau in ya gan ni sai ya ce, "Yaro, ina kasona?"