Akuya ta fi ni iya noma a Amurka

Da muka kama hayar gida mai ɗan fili a bayan birnin Baltimo, sai na ga wata ciyawa mai yaɗo ta nannaɗe shingen. Ganyenta uku-uku, sai sheƙi yake yi. Ni kuwa ɗan manomi ne, jikan manomi, wa zan tsaya tambaya? Na tuɓe riga, daga ni sai singileti, na shiga tuge ta da hannu, ina share zufar wuya da goshi da hannun nan dai.

Na tara ta tsibi guda ina laluben ashana, sai maƙwabcina, wani tsohon Bature, ya leƙo. Ban taɓa sanin tsoho na iya gudu haka ba. Ya ce foizin aibi ce, idan na cinna mata wuta hayaƙin zai kai dafin har huhu, daga nan sai motar asibiti. Ya ce in ruga in wanke jiki da sabulun wanke-wanke tun man ciyawar bai shige fata ba. Na yi masa godiya, na je na sha shayi.

Man nan, urushiyol, yana cikin ganye da kara da saiwa, kuma ba ya da gaggawa. Yakan yi kwana ɗaya zuwa uku kafin ya gaishe ka. Daren farko har dariyar tsohon na yi. Da man ya tashi zuwa, sai ya zo da gayya: hannu ya yi jawur, ƙuraje suka jeru layi-layi daidai inda karan ya goge ni, suka ɗuri ruwa, ido ɗaya ya rufe ruf.

Uwargida ta dube ni da asuba ta ce, "Baban Abba, wannan fuskar taka ce ko aro ka yi?"

Likita ya ba ni ƙwayoyi da kalamin, wani ruwan shafawa mai launin ruwan hoda. Haka na je Juma'a kamar bangon da aka fara wa fenti kuɗi suka ƙare. Duk bayanin da na yi cewa ruwan ƙurajen ba ya yaɗa cutar, daga nesa aka riƙa ɗaga mini hannu. Abin da ya fi ci mini rai, likitan ya ce in yi hattara da ɓawon mangwaro, wai danginsu ɗaya, har da kashu. Mangwaron da muka tashi muna jifa!

Na warke ke nan, na ɗaura igiyar takalmin da na yi aikin da shi, yatsu suka sake tashi. Man na iya shekara a jikin kaya da ƙarfinsa.

Tsohon ne ya haɗa ni da mai ba da hayar awaki, don su cin ganyen suke yi, ko a jikinsu. Suka sauko daga mota, suka share shingen tas, na biya da dala. Mai su ya ja mini kunne kada in shafa su, man na maƙale a gashinsu. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni da su ko gaisawa ba ma yi.