Ranar da Zoɓona Ya Ci Amanata a Stellenbosch

Stellenbosch gari ne da inabi ya yi wa zobe. Ta duk hanyar da ka fita, layukan kurangar inabi ne suka miƙe har gindin duwatsu, ga fararen gidajen gona nan jefi-jefi a tsakani. Baturen Holan Simon van der Stel ne ya kafa garin a 1679, shekara ashirin bayan an fara matse inabi a wannan kusurwa ta Afirka ta Kudu, kuma tun daga lokacin mutanen wurin ba su huta ba, inabin ma bai huta ba. Karatu ya kai ni can. Na kama ɗaki a bayan gidan wasu tsofaffi biyu, mata da miji, waɗanda kowa a unguwar ke kira Oom da Tannie, yadda ake girmama manya a wurin, ni ma na bi sahu.

A watan Fabrairu, lokacin da taraktoci ke ta jigilar inabi daga gonaki saboda kaka ta yi, Oom ya leƙo ta tagata ya ce, "Yarona, ranar Asabar kada ka dafa komai. Abokai za su zo mu ɗanɗana abin da gonakin maƙwabta suka samar." Mutumin da ya tashi yana sayen inabi ɗan ƙulli a leda da tsada, in ka ce masa za a ɗanɗana abin da gonar inabi ta samar, me kake so ya hango? Na hango tire-tire na inabi baƙi da kore, na hango kaina a tsakiya.

Ɗan mutunci ba ya zuwa gidan mutane hannu rabbana, don haka na ƙudura zan nuna musu namu. Ina da zoɓo busasshe da na saya a shagon wasu 'yan Senegal a Cape Town. Tun farkon mako na dafa shi da citta da kanumfari, da ya huce na watsa ɓawon abarba ya kwana a ciki don ƙamshi, na zabga sukari ba tausayi, na ɗura a gorunan roba na ɗaure murfi tamau. Firij ɗina ba ya ɗaukar abin da ya wuce madara da ƙwai, sai na jera gorunan a ɗan shagon ajiya mai rufin kwano da ke bayan ɗakina. Fabrairu a can tsakiyar zafi ne. Wannan bayani ku riƙe shi, zai yi amfani.

Ranar Asabar na tsallake abincin rana, na ɗauki gorunan da ƙunshin kilishin da nake tattali tun daga gida, na shiga. Tebur ya sha farin ƙyalle. Babu ƙwayar inabi ko ɗaya. Kwalaben giya ne a jere, kowace an sa mata safa an rufe sunanta don kada a yi son kai, gaban kowane baƙo kuma kofunan gilashi masu dogon wuya. Na ce, "Oom, ai ka san ba na sha." Ya ce ya sani sarai, shi ya sa ya sayo mini ruwan inabin hanepoot, wanda ba a bari ya tsimu ba. Ya ƙara da cewa, "Amma hanci fa? Hancinka ma ba ya sha?" Na ja kujerata can gefe kusa da murhun gashi, nesa da teburin gwargwadon yadda zan iya kare kaina in an tambaye ni, na ce ni mai juya nama ne.

Kafin in zauna na ga wani ɗan bokitin azurfa da tulun ruwa a gefensa. Na yaba a raina, na ce ashe su ma sun san ladabin ci. Na naɗe hannun riga na wanke hannuwana a ciki tas. Tannie ta dube ni, ta buɗe baki, ta rufe, ta miƙo mini tawul.

Sai aka fara. Oom ya tsiyaya ɗan kaɗan wa kowa, abin da ko kaza ba zai kashe wa ƙishi ba. Suka karkata kofunan a kan farin ƙyallen suna leƙen launi. Suka jujjuya. Suka cusa hanci har gira. Suka kurɓa, suka yi ta zuƙar iska ta tsakanin haƙora da wani sauti da in yaro ya yi shi a gaban mahaifiyata sai ya sha ranƙwashi. Daga nan, ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa da kamala, dattawan nan suka sunkuya suka tofar a cikin bokitin da na wanke hannu. Har yau ban gama warware lissafin ba: mutum ya tuƙa mota zuwa gona, ya biya kuɗi masu kauri, ya dawo gida ya tofar. Sun ce in ka haɗiye duka, kafin kwalba ta shida harshenka da hankalinka sun yi sallama da kai.

Bayan tofi sai sharhi. Wata malama mai ritaya ta ce tana jin gwaiba da ɗanyar ciyawa. Wani likitan haƙori ya ce shi zuma yake ji da jiƙaƙƙen dutse. Ban san yaushe ya taɓa lasar jiƙaƙƙen dutse ba, amma kowa ya gyaɗa kai. Da aka zo kan wata ja, Oom ya miƙo mini kofinsa ya ce in shinshina in faɗi gaskiya. Na shinshina daga nesa. Na ce, "Oom, ni dai rumfar mai faci nake ji, lokacin da ya ɗora roba a wuta."

Oom ya buga tebur yana dariya har da tari, likita kuwa ya haɗe rai, don kwalbar tasa ce. Ashe tsohuwar rigima na taka. Pinotage ce, irin inabin da wani farfesa mai suna Abraham Perold ya samar a nan garin a 1925, da ya aurar da Pinot noir da Cinsaut. Abin alfaharin ƙasar ne, amma masu kushe ta sun daɗe suna cewa in ba a iya sarrafa ta ba ƙaurin roba take yi. Mutumin da bai taɓa sha ba ya faɗi abin da Oom ya shekara yana faɗa wa likita. Nan take aka ɗaga darajata, aka fara miƙo mini kofi kafin kowa ya yi magana.

Batun haɗa abin sha da abinci kuwa, na ɗauka iyayi ne, sai na ga akwai hankali a ciki. Farar mai ɗan tsami aka ba kifin snoek da na gasa da jam, don tsamin yana yanke maiƙon kifi. Chenin blanc, wadda ta fi kowane iri yawa a gonakin ƙasar, ita aka haɗa da bobotie, niƙaƙƙen nama da kori da ƙwai a sama, girkin da ake dangantawa da Musulmin Cape. Ja kuma sai naman rago. Oom ya tsaya yi mini dogon bayani cewa a ɓawon inabi da ƙwallonsa akwai wani sinadari da ke kama yawu ya bar baki a bushe, kitse da nama su ke lallashinsa. Na ce, "Oom, bauri kake nufi. Irin na goro." Wanda ya taɓa tauna goro a kan yunwa ya riga ya haddace wannan darasi.

Da nasara ta hau mini kai, sai na ga lokacin fito da kilishi ya yi. Daidai lokacin ne Oom ya zare safar kwalbar ƙarshe, wadda ya ɓoye shekaru yana jiran rana irin wannan. Su mutanen suna da nasu busasshen nama, biltong, wanda gishiri da ruwan tsami da ɗan kayan ƙamshi kawai ake sa masa, kuma suna cinsa da jar giya ba fargaba. Suka ɗauka ɗan'uwansa ne. Kowa ya yagi babban yanki, ya tauna, ya kora da kwalbar alfarma. Barasa ƙara wa barkono wuta take yi, wannan kuma a wurin na koya, a fuskokinsu. Likita ya koma launin abin da ke kofinsa. Malama ta cire tabarau tana share hawaye da ƙyallen tebur. Oom ya dubi kwalbarsa ta shekaru, ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya ce da wata ƙaramar murya ba ya jin komai, ko gwaiba, ko dutse, ko roba.

Na ce kada kowa ya damu, ina da maganin abin. Na ɗauko gorar zoɓo. Na lura ta yi tauri, gindinta ya kumbura har ba ta iya tsayawa daidai, amma gaggawar ceton rai ba ta bar ni na yi tunani ba. Na murɗa murfin.

Ƙarar ta sa karen maƙwabta haushi. Jan ruwa ya yi sama ya gaisa da rufin baranda, ya dawo a kan farin ƙyalle, da rigar Tannie, da gashin likita. Abin da ya rage a gorar yana ta kumfa yana tsaki. Na tsiyaya wa kowa da sauri, na zuba nawa, na ɗaga zan kai baki in nuna musu yadda ake yi. Oom, wanda sabo ya sa ya riga ya jujjuya nasa ya cusa hanci, ya yi wuf ya damƙe mini wuyan hannu.

"Kada ka sha, yarona. Addininka."

Duk taron nan mutum ɗaya ne ba ya shan giya, kuma shi kaɗai ne ya zo da wadda ya haɗa da hannunsa. Oom ya tambayi abin da na sa, da na ambaci ɓawon abarba da shagon kwano sai duka suka kwashe da dariya. Akwai yis na Allah da Annabi a jikin ɓawon abarba, in ya samu sukari da zafi sai ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa da iska. Suka ce a 2020, da gwamnati ta hana sayar da giya lokacin kullen korona, da wannan dabara mutane da yawa suka yi ta haɗa tasu a kicin, har abarba ta yi tsada. Malama ta kurɓa, ta zuƙi iska, ta tofar, ta ce yarinya ce tukuna amma tana da makoma, kuma za ta dace da agwagwa.

Ranar Juma'a bayan an sallame na ja wani dattijo gefe, cikin Musulmin garin da kakanninsu suka daɗe a yankin. Na ce, "Boeta, ina da fatawa." Ya saurara har ƙarshe yana cije leɓe. Ya ce tunda ban yi niyya ba kuma ban sha ba, in zubar da sauran in ƙara istigfari, in kuma sayi babban firij. Ya ɗan yi shiru, ya ce a gonakin nan an daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, doka ta hana tun 1960 amma abin bai mutu ba sai wajen shekarun 1990, kuma har yanzu akwai gidajen da ke ɗauke da tabonsa. Sannan ya tambaya ko kilishin ya ragu.

Zubar da sauran ne ya gagara. Oom ya riga ya kwashe gorunan ya juye a kwalabe masu kauri, ya jera a ɗakin ajiyarsa, ya manna wa kowace takarda da sunana da shekara. Na roƙe shi ko sunan ne ya cire. Ya ce a garin nan ba a ɓoye sunan mai sana'a.

Da daddare Umma ta kira. Ta ce, "Ka yi musu zoɓon kuwa? Ka sa abarbar yadda na ce?"

Na ce, "Na sa, Umma."

"To, sun yaba?"

"Sun yaba ƙwarai. Har wata ta ce a sa ta a layi in na yi na baɗi."

Ta ce, "Ka gani ko? Allah Ya yi maka albarka. Ka riƙa yi musu kullum."