Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Dala 15

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina nan lafiya a asusun kamfanin Charter, inda ba kya leƙowa sai an yi sallama da ke.

Labarinki ya iso mana daga Amurka. Ranar 31 ga Agusta 2023, Disney da Charter, mai kebul ɗin Spectrum, suka kasa daidaitawa kan kuɗin ɗaukar tashoshi, sai ESPN da sauran tashoshin Disney suka yi ɓatan dabo daga gidaje kusan miliyan 15. Ana tsakiyar gasar tanis ta US Open, ga ƙwallon jami'o'i ta kankama. Mutum ya tanadi abin taɓawa, ya tara abokai, ya miƙe ƙafa, sai allo ya tarbe shi da rubutu wai laifin wancan ne. Wancan ma ya ce sam, na wannan ne. Ba su sasanta ba sai 11 ga Satumba, ana saura 'yan sa'o'i a take wasan NFL na daren Litinin. Takardar kuɗin wata kuwa ko tuntuɓe ba ta yi a hanya ba.

Sai aka ce ke za ki je ba da haƙuri.

Hajiya, halinki ne nake kuka da shi. Ba kya taka ƙafa zuwa gidan kowa, sai mutum ya ɗauki waya ya roƙi abin da yake haƙƙinsa. In ma kin zo, ba tsaba ba ce ke, ragi ce a kuɗin wata mai zuwa, wato wanda ya yi zuciya ya bar kamfanin ba zai ga ko ƙeyarki ba. Mahauci ya karɓi kuɗinka ya hana ka tsoka, ya ce ka dawo gobe zai yi maka gyara da ƙashi. Wasan da aka buga jiya kuma, wanda maƙwabci ya riga ya faɗa maka sakamakonsa, a wace kasuwa ake sayo shi da dala 15?

Ƙannenki sun ɗan fi ki jiki, amma tarbiyyar gidan ɗaya ce. Dala 20 ta DirecTV a Satumba 2024, da Dala 20 ta YouTube TV a Nuwamba 2025, duk rigima da Disney ce ta haife su, kuma su ma sai mai kallo ya shiga intanet ya nemo su. Shi ya sa ban yi mamaki ba da hukumar sadarwa ta FCC ta kawo shawara a Janairu 2024 cewa a wajabta wa kamfanonin kebul da tauraron ɗan'adam mayar da kuɗin kwanakin da aka yi ba tasha.

Ki gaida min Alhaji Dala Biliyan 2.2, wanda a 2023 Charter ta ce shi take aika wa Disney a shekara. Na ji shi ba ya jira a kira shi a waya.

Naki,
Mai kallo daga nesa