Mas'alar Rigar Da Ke Magana

A zamanin da, idan mutum ya so a san matsayinsa, sai ya kai babbar rigarsa wurin masu aikin hannu, su shafe watanni suna zuba mata aska takwas da alharini. Amma yanzu samari sun gano cewa 'yar riga mai gajeren hannu ma tana iya wa'azi, muddin an buga mata rubutu a ƙirji.

Yaro zai tattara ɗan jarinsa, ya saro fararen riguna dozin biyu a Kantin Kwari, ya zana tambarinsa a waya, ya kai wa mai buga rubutu, sa'an nan ya naɗa kansa Shugaban Kamfani, alhali kuwa kamfanin ɗungurungum yana cikin buhu a ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa. Kafin la'asar abokai sun kwashe rabi, kowa na cewa, "Ai talla zan yi maka, Alhaji," kuɗi kuwa sai Allah Ya hore. Ga kuma 'yan gwanjon Ƙofar Wambai, masu ba da uku a kuɗin ɗayarsa.

Mas'alar da ta cancanci fatawa, a ganina, ita ce hukuncin mamun da ƙaddara ta tsayar a sahu na biyu, daidai bayan Shugaban Kamfani, wanda ya buga "Ba Bashi" a gadon bayansa, domin babu khushu'in da zai hana ido karatu, balle in mamun yana sanye da rigar da bai biya ba tun Sallar Layya.