Jinsunan Marubuta Masu Zuwa Halwa Ƙasashen Waje

Tun da Turawa suka ƙago al'adar keɓe wa mawallafa gidaje a bayan gari, inda za a ba mutum ɗaki da tebur da abinci har wata ɗaya ko biyu, ba a neman kome daga gare shi face ya zauna ya yi talifi, marubutanmu suka sami sabon abin buri. Gidajen kuwa ba na jiya ba ne, don MacDowell da ke jihar New Hampshire ta Amurka tun 1907 aka kafa shi, Jami'ar Iowa tana tara marubutan duniya kowace kaka tun 1967, ga kuma Bellagio a bakin tafkin Como a Italiya, wanda ke hannun Gidauniyar Rockefeller. Duk wanda ya daɗe yana rakiyar masu tafiya yana tarbar masu dawowa, lalle zai lura sun kasu jinsi-jinsi.

Akwai mai ƙorafin hayaniya, wanda ya shekara da shekaru yana rantsuwa cewa ba abin da ya shiga tsakaninsa da littafin da zai girgiza duniya sai ƙarar janareton maƙwabci, da kukan yara, da baƙi masu sallama ba sanarwa, da suna da biki da ba su ƙarewa. Sai Allah ya karɓi addu'arsa, ya kai shi Hawthornden, wani tsohon gidan dutse kusa da Edinbara, inda sharaɗin zama shi ne kada kowa ya dami kowa da magana tun safe har lokacin abincin dare. Ranar farko ya yi hamdala, ya fiƙe fensir, ya jera takardu. Kafin mako ya zagayo, shirun da ya daɗe yana roƙo ya zame masa jarrabawa, har yana jin bugun zuciyarsa, yana ƙirga ɗigon ruwa a taga, ba jimla ɗaya da ta yarda ta sauko. Daga ƙarshe sai a gan shi a waje cikin ɗari, ya naɗe kai da rawani bisa hular sanyi, yana neman inda waya za ta kama, in ta kama ya ce wa uwargida, "Hajiya, ba wata magana ba ce, don Allah ajiye wayar a tsakar gida, kada ki kashe."

Sai malamin hujja, wanda ba ya cika takardar neman tafiya sai da dalili daga magabata. Zai gaya maka Ibn Khaldun ya keɓe kansa a Ƙal'atu Ibni Salama, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya tsara Muƙaddima cikin wata biyar a shekarar 1377, kuma Imamu Gazali ya bar kujerarsa ta Nizamiyya a Bagadaza a 1095 ya tafi halwa Dimashƙa, duk kuwa gaskiya ne. Abin da malamin yake tsallakewa shi ne, Ibn Khaldun bai shiga wannan halwa ba sai da ya daɗe yana hidimar sarakunan Fas da Garnaɗa da Bijaya, ya ga hawan dauloli da faɗuwarsu da idonsa, har ya ɗanɗana kurkuku a Fas, watau ya shiga ɗakin da kaya niƙi-niƙi a ƙirji, wurin saukewa kawai yake nema. Malaminmu kuwa da farar takarda yake zuwa, da kyakkyawan zato cewa ilhami yana cikin kayan da masu gida suka tanada, tare da tawul da sabulu.

Wanda na fi tausayi, na fi kuma jin daɗin labarinsa, shi ne mai damuwar ciki. Shi tun daga filin jirgi musibarsa ke farawa, sa'ad da jami'an kwastan na Amurka, waɗanda ba su yarda a shigo musu da nama, suka zare kilishin da gwaggo ta naɗe masa cikin takarda ninki uku, suka bar shi da yaji da kuka da daddawa. A MacDowell al'adarsu ce a kawo abincin rana cikin kwando a ajiye a bakin ƙofa ba tare da ƙwanƙwasawa ba, don kada a katse wa marubuci tunani, amma shi tun hantsi tunaninsa ya riga ya katse, yana leƙen hanya. Kwando ya iso, ya buɗe, ya tarar da burodi da cuku da ɗanyen ganye da tuffa, ya ɗaga kowane yanki yana bincike ko alade ya ɓuya a ƙarƙashi, sa'an nan ya yi tagumi. In ya faɗa gidan da baƙi ke da izinin shiga madafa, to, da tsakar dare za a ji shi yana tuƙa garin masara da cokalin katako, ƙanshin daddawa ya bi bene ɗaki-ɗaki, har wata mawaƙiya da ta zo daga wata uwa duniya ta sauko tana buɗe tagogi cikin ƙanƙara. Zai dawo gida da littafin ajiya cike fal, ba a yi masa ƙarya ba, sai dai kowane shafi bayanin abin da aka ci ne da abin da ya kamata a ce an ci.

Mai hoto ba ya bukatar dogon sharhi. Ga shi da kwat a gaban tafki, ga kofin shayi kusa da kwamfuta, ga shi ya tallafi haɓa yana duban nesa, kuma duk rubutun da ya yi a wata biyu yana Facebook, a ƙarƙashin hotunan.

Akwai kuma gwanin takardar nema, wanda ya naƙalci abin da alƙalan zaɓe ke son ji, yana da babi uku da ya goge har suna ƙyalli, da su ya je Iowa, da su ya je Bellagio, da su yake neman na gaba, alhali babi na huɗu yana nan kamar ɗan da aka raɗa wa suna ba a haife shi ba. Ɗan'uwansa shi ne wanda in ya dawo, ko farashin tumatir ake tattaunawa sai ya gyara murya ya ce, "Ai mu can Iowa..." Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma, shekara na zagayowa ya ba jama'a Tafiya Mabuɗin Ilmi su karanta. Namu na yanzu da baki suke biya, kuma sai ka zauna.

Kada mai karatu ya ɗauka duk tafiyar hasara ce. Akwai wadda ba a jin ɗuriyarta a wurin hira, ba ta cikin hotuna, wadda a gida take rubutu tsakanin sallar asuba da ɗora ruwan wankan yara, sai ga ta da yini sukutum ba mai kiran sunanta. Abin mamaki, ba tafkin take sifantawa ba, ba duwatsun ba. Zauren kakanta ne ke fito mata sarai, da muryar mai tallan fura, da yadda mahaifiyarta ke ɗaure bakin zane, abubuwan da kusanci ya ɓoye mata. Haka ya faru ga James Baldwin, wanda ya ƙarasa littafinsa na farko game da unguwar Harlem da cocinta a wani ƙauye mai ƙanƙara a duwatsun Suwizalan, aka buga shi a 1953.

Saura wanda bai taɓa zuwa ko'ina ba. Shi ne mai fatawa a majalisa cewa duk wannan yawon bidi'a ne, cewa marubucin ƙwarai a kan tabarmar zaurensa yake rubutu, cewa masu tafiya bara ce suka je yi da sunan adabi. Yana kawo hujjoji masu ƙarfi, wani lokaci har in gyaɗa masa kai. In an watse sai ya ja hannun wanda ya dawo gefe, ya rage murya ya ce, "Malam, wai wannan na Italiya, yaushe suke rufe karɓar takarda? Wani yaro ne ya ce in tambayar masa."