Harajin Akwatin Talabijin

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, har da na keke da amalanke. Wato a takarda, ƙananan hukumomin Batsari da Safana na bin kowane mai akwati bashi.

To ɗan karɓar haraji ya taho mu gani. Zai yi sallama a zaure, yaro ya leƙo ya ce maigida ya tafi gona. Ya ɗaga kai ya ga an rubuta "Ba shiga". Sashe na 37 na wannan tsarin mulkin ma ya kare sirrin gidan mutum, amma mu tun kafin a rubuta shi zaurenmu ke wannan aiki. In ya hango eriya a saman soro, a ce masa ai shanya ake yi a kanta, rabon unguwar da wuta tun damina.

A Ingila kuwa wasiƙun gargaɗi ake ta aika wa wanda bai biya lasisin talabijin ba, da motocin da aka ce suna gano gidan da ake kallo. Makaho ma rabin kuɗi yake biya. Daga irin kuɗin nan ake ciyar da BBC, wadda Baba ke sauraro kyauta a gindin darbejiya, yana ƙorafin batir ya yi tsada.